Rumbun hotunan gida: a gyara tsaro kafin a biya kuɗin sauri

Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Watanni kaɗan kafin ciwon ajali ya kwantar da shi, ƙanwata ta zaunar da shi a zaure wata Juma'a bayan la'asar, ta kunna wayarta, ta yi ta jan shi da hira. Ya jero sunayen kakanninmu, ya faɗi garin da suka taso da abin da ya raba su da shi, ya ba da labarin yadda gidanmu ya tsallake farin 1973 da na 1984. Hirar ta kai kusan awa biyu. Ranar jajibirin sallah aka zare wayar nan daga jakarta a kasuwa. Abin da ya rage mana yau minti huɗu ne da ta yanko ta tura a gurup ɗin iyali na WhatsApp. Sauran ya tafi da ɓarawon da ba shi da abin yi da shi, wataƙila ma ya goge kafin magariba.

Tun daga ranar na ƙudura cewa sai na tattara abin da ya rage wuri guda. A gidana akwai kwamfuta biyu, tawa ta aiki da wata tsohuwa da yara ke amfani da ita, da wayoyi biyar, da tele a falo. Hotunan suna, na aure, na saukar karatu, takardun haihuwa da na jarrabawa da aka ɗauka da waya, duk a warwatse suke. In uwargida tana son bidiyon bikin ƙanwarta, sai an jira na dawo daga aiki, a nemo kile, a kwafa, wani lokaci a kwaso har da cutar kwamfuta. Nan ne wani abokin aikina mai koyar da kwamfuta a makarantarmu ta horar da malamai ya ba ni labarin abin da masu sana'ar ke kira NAS. Ƙaramin akwati ne mai faifan ajiya ɗaya ko biyu a ciki, ana haɗa shi da akwatin wifi na gida, sai kowace kwamfuta da waya da tele su riƙa ganin abin da ke cikinsa ba tare da an taɓa intanet ba. Ni dai rumbu nake kiransa, don aikinsu ɗaya.

Ra'ayina, bayan kuskuren da na tafka da gyaran da na yi, shi ne iyaye da malamai da ke tunanin sayen irin wannan rumbu su daina sa kalmar "sauri" a gaba. Masu talla da ita suke kama mu. A tsarin da nake ba da shawara, sauri shi ne na huɗu, bayan kwafi na biyu, da wuta, da sirrin iyali. Amma bari in fara da saurin, tunda shi ya fara ruɗa ni.

Gwajina na farko mai arha ne. Na ɗauki faifan waje na cusa a ƙofar USB ta akwatin wifi. Ya yi aiki, sai dai kwafar bidiyon biki ɗaya kan cinye yini. Na tafi wurin abokin nan nawa na ce masa zan sayi rumbu mafi sauri da ke kasuwa. Ya yi dariya ya ce, "Mushe, kai da ke koyar da lissafi, ka juya akwatin wifinka ka karanta abin da aka rubuta a bayansa tukuna." Na koma na duba. A jikin takardarsa an rubuta 10/100.

Ga abin da lambar ke nufi. Mega iri biyu ce. Akwai wadda ake auna girman hoto ko bidiyo da ita, irin wadda muke saya a forfe. Akwai kuma megabit, wadda ake auna gudun layi da ita, kuma sai an haɗa megabit 8 ake samun mega ɗaya ta girman fayil. Ƙofar da aka rubuta mata 100 tana wuce da megabit 100 a daƙiƙa, wato mega 12.5 in an raba da 8, a aikace kuwa wajen 11. Ƙofar da aka rubuta mata 1000, ko Gigabit, tana iya wuce da mega 125 a lissafi, a aikace wajen 110. Ɗauki tarin bidiyo mai jiga 60. A ƙofar farko zai ci awa ɗaya da rabi, a ta biyu wajen minti 9. Da na sayi rumbu mafi tsada na haɗa da wancan akwatin, da awa ɗaya da rabin nan ba ta ragu da ko minti ɗaya ba. Garken shanu, duk ƙarfinsu, gwargwadon faɗin ƙofar garka suke shiga.

Maganin ya zo da sauƙi. Ana sayar da ƙaramar na'ura mai raba layi, suwic, mai ƙofa biyar ta Gigabit. In ka haɗa rumbu da kwamfutocin gida a jikinta da kebul, za su yi magana tsakaninsu da cikakken gudu ko da akwatin wifi na nan da rauninsa. Kebul ɗin da aka rubuta wa Cat5e ko Cat6 ya isa, kuma yana ɗaukar wannan gudu har tsawon mita 100, abin da ya fi ƙarfin gidan kowane malami. A dai tabbata ita ma kwamfutar tana da ƙofar Gigabit, don tsofaffi da yawa 100 ce gare su.

Wifi kuwa labarinsa daban. Lambar da ake rubutawa da manyan haruffa a kwalin, kamar AC1200, jimillar zango biyu ce, 300 a zangon 2.4 da 867 a zangon 5, kuma waya ɗaya ba ta hawa duka biyun a lokaci guda. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango amma ba shi da gudu, ga cunkoso in maƙwabta ma suna da wifi. Zangon 5 ya fi gudu amma bango biyu na siminti kan karya shi. Abin da ke isa hannunka a aikace sau da yawa bai wuce rabin lambar da wayar ke nunawa ba. Don haka duk abin da ba ya motsi a gida, kwamfutar tebur da tele, a ja masa kebul.

Haka ma maganar faifai. Mai shago zai ce ka sayi SSD don ya fi sauri, kuma gaskiyarsa. Sai dai faifan gargajiya mai juyawa, na zamanin yanzu, yana karanta babban fayil da mega 150 zuwa 200 a daƙiƙa, wato ya riga ya wuce abin da layin Gigabit ke iya ɗauka. SSD na da amfaninsa: ba ya ƙara, ba ya tsoron jijjiga, yana buɗe dubban ƙananan hotuna da hanzari. Amma a kuɗi ɗaya faifai mai juyawa ya ninka shi wurin ajiya, kuma wurin ajiya ne iyali ke buƙata.

Sannan mu tambayi kanmu, yaushe ne ma muke buƙatar saurin? Bidiyon waya mai kyau, irin na 1080, kan ci wajen mega 130 a minti, wato kusan megabit 17 a daƙiƙa. Ko layin 100 zai iya ciyar da mutum uku ko huɗu suna kallo a lokaci guda. Saurin yana da rana ne sa'ad da ake zuba kaya a rumbu ko ake kwashe su zuwa wani faifai. Kallo na yau da kullum ba ya buƙatarsa sosai. Wannan lissafin kuma shi zai gaya maka girman da za ka saya. Hoton waya kan kai mega 3 zuwa 5, don haka tera ɗaya zai ɗauki hoto wajen 200,000. Bidiyo kuwa jiga 8 yake ci a awa, tera ɗaya bai fi awa 125 ba. Ƙirga bukukuwan gidanku na shekara, za ka san inda ka dosa.

Yanzu ga abubuwa ukun da na ce su ke gaban sauri.

Na farko kwafi na biyu. Rumbu mai faifai biyu ana iya saita shi yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai shiga ɗayan, tsarin da ake kira RAID 1. Faifai biyu masu tera 4 kowanne za su ba ka tera 4 ke nan, ba 8 ba. Amfaninsa, in faifai ɗaya ya mutu, kayanka na nan a ɗayan. Mutane da yawa daga nan suke kwanciya barci, kuma nan kuskuren yake. In yaro ya goge babban fayil, a faifan biyu ya gogu. In ɓarawo ya shigo, akwatin gaba ɗaya zai ɗauka. In tsawa ta bi waya ko ruwa ya ci ɗaki, duka biyun ne. Mu da muka ga daminar 2024, yadda ruwa ya rusa gidaje a Maraɗi da Damagaram har tsohon masallacin Birni na Zinder ya faɗi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Masu sana'ar suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wajen gida. Nawa na wajen faifai ne da ke zaune a gidan yayana, a wata unguwa. Duk ƙarshen wata, ranar da albashi ya shigo, nakan ɗauko shi, in sabunta, in mayar. In kuɗinka ba zai sayi rumbu mai faifai biyu da faifan waje ba, saya mai faifai ɗaya ka haɗa da na waje. Wannan ya fi tsaro nesa ba kusa ba.

A wajen sayen faifan ma a buɗe ido. Akwai waɗanda aka ƙera don rumbu, masu jure aiki dare da rana, kamar IronWolf na Seagate da Red Plus na Western Digital. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faifan WD Red suna amfani da salon rubutu na SMR, wanda ke yin nauyi ƙwarai in ana zuba kaya da yawa a jere ko ana sake gina faifan da ya mutu. A nemi wanda aka rubuta wa CMR. Kuma tunda kayan hannu sun cika kasuwanninmu, kowane faifai yana riƙe da lissafin awoyin da ya yi yana aiki. Manhajar CrystalDiskInfo, ta kyauta, za ta nuna maka. Faifan da aka ce maka sabo ne amma ya nuna awa dubbai, mayar wa mai shi.

Na biyu wuta da yanayi. Faifai ba abin da ya ƙi kamar a ɗauke masa kuran yana cikin rubutu. Sau ɗaya ya isa ya lalata fayil, wani lokaci har tsarin faifan baki ɗaya. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu cikin Afrilu da Mayu ya san sau nawa wuta ke tafiya ta dawo a yini. Don haka batirin riƙon ƙwarya, wanda masu shago ke kira onduleur, yana cikin kuɗin rumbu, a lissafa shi tun farko. A nemi mai ƙofar USB, don shi ne ke iya sanar da rumbun cewa an ɗauke wuta, rumbun ya rufe kansa a tsanake kafin batiri ya ƙare. Ƙaramin rumbu mai faifai biyu bai cika kai wat 30 ba, don haka gidan da ke da sola ba zai ji nauyinsa ba. Zafi kuma abokin gaba ne. Lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40, kada a kulle shi a kabad. Kada kuma a lulluɓe shi da ƙyalle mai ado yadda iyayenmu mata ke lulluɓe tele, don fankarsa na buƙatar iska. A ɗora shi a kan tebur, nesa da taga, a riƙa share masa ƙura lokacin hunturu. Nawa na saita shi yana kunna kansa da yamma, ya kashe da tsakar dare, tunda da rana duk muna lakwal.

Na uku sirrin iyali, kuma a nan nake so iyaye su fi sauraro. Rumbu ɗaya ba ya nufin kowa ya ga komai. Akwai hotunan mata a wajen biki da ba su yarda a yaɗa ba. Akwai takardun gado, na asibiti, na albashi. Mu malamai kuma akwai tambayoyin jarrabawa da makin ɗalibai, waɗanda ni ban ma yarda su kusanci rumbun gida ba, haka hotunan ƴaƴan mutane da muke ɗauka a aji. Kowane rumbu na ƙwarai yana ba da damar a buɗe wa kowa sunansa da kalmar sirrinsa. A gidana yara suna iya kallo amma ba su iya gogewa. Akwai babban fayil ɗaya da kowa ke zuba sababbin hotuna, ni da mahaifiyarsu ne ke tacewa mu kai inda ya dace. Na kuma kunna kwandon shara na rumbun, don abin da aka goge bisa kuskure ya jira kwana 30 kafin ya ɓace.

Sai maganar buɗe rumbu ga intanet don a riƙa ganin hotuna daga ko'ina. Abin na da daɗin ji, amma ga abin da ya faru da wasu. A watan Yuni na 2021 masu rumbun My Book Live a ƙasashe da dama sun wayi gari an shafe musu komai daga nesa. Na'urorin tsofaffi ne da aka daina sabunta wa manhaja tun 2015, kuma suna buɗe ga intanet. A watan Janairu na 2022 wata cuta mai suna DeadBolt ta kulle fayilolin dubban rumbunan QNAP, masu ita suka nemi kuɗin fansa da bitcoin. Darasin a fili yake. In ba ka san yadda ake tsare ƙofar ba, bar ta a rufe. Kashe abin da ake kira UPnP a akwatin wifi, canza kalmar sirrin da rumbun ya zo da ita, kuma ka riƙa sabunta manhajarsa. Kada ka sayi tsohon samfurin da kamfaninsa ya daina kula da shi, komai arharsa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a ɗakin malamai. Wani ya ce, me ya sa ba za a zuba komai a Google a huta ba? Amsata ita ce jiga 15 ne na kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke raba su. Tun 1 ga Yuni 2021 aka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Abin da ya wuce haka sai biya duk wata, da katin banki da yawancinmu ba mu da shi, ga kuɗin forfen da za a ƙona wajen ɗora jiga ɗari. Kamfanin ya kuma sanar cewa asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba yana iya rufe shi. Duk da haka ban raina shi ba. Takardun haihuwa, da ƴan hotunan da ba su da madadi, da minti huɗun nan na mahaifinmu, suna can ma. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ɗauki WhatsApp a matsayin ma'aji. Yana matse hoto ya rage masa kyau, sai in an tura shi a matsayin takarda ko an zaɓi babban inganci, kuma in waya ta tafi ba tare da an yi ajiya ba, abin da ke cikinta ya bi ta.

Wata malama kuma ta ce, "Mushe, wannan ai maganar masu hali ce. Da albashinmu ina muka ga kuɗin akwatin Synology?" Ta yi gaskiya, kuma ba na so kowa ya ci bashi don wannan rubutu. Gidan da ke da kwamfuta ɗaya ba ya buƙatar rumbu ko kaɗan. Faifan waje biyu, ɗaya a gida ɗaya a wajen dangi, sun gama masa aiki. Gidan da ke da tsohuwar kwamfuta a ajiye yana iya mayar da ita rumbu da manhajar OpenMediaVault, wadda kyauta ce, ko ma ya raba babban fayil ɗaya daga Windows, sai dai a san tsohuwar kwamfutar tebur ta fi shan wuta. Mai ɗan sanin hannu yana iya amfani da Raspberry Pi 4, ƴar ƙaramar kwamfuta da ta fito a 2019 mai ƙofar Gigabit da USB 3. Akwatin Synology ko QNAP sauƙin saiti kake saya a wurinsu, da manhajar waya mai kwashe sababbin hotuna da kanta da zarar an shigo gida. In da hali, ya cancanci kuɗinsa. In babu, tsarin da na faɗa yana nan daram, don bai dogara da sunan kamfani ba.

Akwai aiki guda da ba a saya da kuɗi, kuma shi ya fi cin lokaci, wato tsarawa. Rumbu cike da hotuna masu suna IMG da lambobi, tari ne kawai. Na ɗauki hutun ƙarshen shekara guda ni da yara muna rarrabawa, kowane babban fayil da shekara, da wata, da abin da ya faru: 2019-08 sunan auta, 2022-03 saukar karatu. Nan na ga amfanin da ban zata ba. Yara suna tambaya, "Baba, wannan wane ne?" ni kuma ina ba su labari, har na gane akwai fuskokin da ni kaina ban sani ba, sai da muka kai wa mahaifiyata ta faɗa mana. Sunayen mun rubuta su a ƙaramin fayil kusa da hotunan. Kalmar sirrin rumbun kuma na rubuta a takarda na sa a ambulan, uwargida da babban ɗana sun san inda take, don kada ranar da ba na nan rumbun ya zama akwatin da ba mai mabuɗinsa.

Ga wanda zai shiga kasuwa gobe, jerin tambayoyin da zan ba shi ke nan. Ina kwafi na biyu zai zauna, kuma wa zai riƙa sabunta shi? Me zai riƙe rumbun in an ɗauke wuta? Wa zai ga me a cikin gida? Bayan an amsa waɗannan sai a juya akwatin wifi a karanta lambar da ke bayansa, a sayi suwic da kebul in da buƙata. Rumbu mafi ƙanƙanta mai ƙofar Gigabit zai ba ka duk saurin da gidan malami ke buƙata.

Mahaifiyata tana nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya. Daminar bara na zaunar da ita a zauren nan dai, na kunna waya, ta yi mana awa uku a zama biyu. Ta cike wasu guraben da hirar mahaifinmu ta bari, wasu kuwa ta ce shi kaɗai ya san su. Kafin in kwanta a daren nan hirar ta shiga rumbu, washegari ta shiga faifan gidan yayana. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, kada ku jira sai kun sayi komai. Ku ɗauki hirar a wannan mako da wayar da ke hannunku, ku kwafa ta wuri biyu kafin rana ta faɗi.